Lars Emil Bruun: Attajirin man shanu da ya hana magadansa taɓa tsabar zinarinsa tsawon shekara 100

An haifi Lars Emil Bruun a ƙasar Danmak a shekarar 1852, kuma tun yana yaro ya fara tara tsoffin tsabar kuɗi. Da ya girma sai ya shiga fataucin man shanu, yana fitar da shi zuwa Ingila da wasu ƙasashe har ya zama hamshaƙin attajiri.

Da ribar wannan kasuwanci ya riƙa sayen tsabar zinari da azurfa da lambobin girmamawa da takardun kuɗi na Danmak da Norway da Sweden, waɗanda yawansu ya kai kusan 20,000.

Ɓarnar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi wa Turai ta sa masa fargabar cewa wata rana gobara ko yaƙi ko sata za su iya lashe taskar tsabar kuɗin tarihi ta masarautar ƙasarsa. Saboda haka ya bar wasiyya cewa a killace abin da ya tara na tsawon shekara 100 bayan mutuwarsa. Idan taskar ƙasa ta salwanta, nasa ya maye gurbinta. Idan kuwa ta tsira, a sayar a raba wa zuriyarsa kuɗin.

Bruun ya mutu a watan Nuwamban 1923. An fara ajiye dukiyar a fadar Frederiksborg, daga baya aka mayar da ita Babban Bankin Danmak. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya wuce, Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, amma taskar ƙasa ta tsira.

Wa'adin ya cika a 2023. Gidan adana kayan tarihi na ƙasar ya fara zaɓar tsaba bakwai ya saya, sannan a watan Satumban 2024 kamfanin Stack's Bowers ya buɗe gwanjon farko a birnin Copenhagen, inda aka samu kusan Yuro miliyan 14.8, wato sama da CFA biliyan 9.

Wadda ta fi tsada ita ce tsabar zinarin Sarki Hans ta shekarar 1496, da aka saya kan Yuro miliyan 1.2, kimanin CFA miliyan 787.

'Ya'yan da Bruun ya bari ba su ga ranar wannan rabo ba, sai zuriyar da ta biyo bayansu.