Theodore von Kármán (1881–1963): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Kimiyyar Kwararar Ruwa da Iska

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya bakin Kogin Zamfara a Gummi da damina, ya lura da ruwa yana wuce turken da aka kafa, zai ga yana murɗawa a bayan turken, ta dama sannan ta hagu, bi da bi. Wannan murɗawa da masunta suka saba gani ita ce ta fito da sunan Theodore von Kármán, kuma masu ƙera rokar harba tauraron ɗan'adam suna lissafi da ita har yau, domin ƙa'idojin kwararar ruwa su ne na iska. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarsa da ayyukansa.

2.0 Haihuwa da Karatu

An haife shi a Budapest ta ƙasar Hangari ranar 11 ga Mayu, 1881, a gidan Yahudawa ma'abota ilimi. Ya kammala karatun injiniya a 1902, sannan ya tafi Jami'ar Göttingen a Jamus a 1906, inda ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Ludwig Prandtl, ya kammala a 1908.

A can ne wani ɗalibi, Karl Hiemenz, ya yi ta fama da gwaji: duk sa'adda ya tsayar da sanda mulmulalliya cikin kwatamin ruwa, sai ruwan ya ƙi tafiya salin-alin. Aka ɗora laifin kan kayan aiki, aka yi ta goge su. Kármán ya ɗauka cewa ɗabi'ar ruwan ce haka. A 1911 da 1912 ya nuna ta lissafi cewa jerin murɗe-murɗen ba ya ɗorewa sai sun saɓa wa juna, kuma faɗin da ke tsakanin layukan biyu ya kasance kusan 0.28 na tazarar da ke tsakanin murɗi da mai bi masa.

3.0 Daga Ruwa zuwa Roka

Bayan ya shugabanci cibiyar nazarin iska a Aachen, ya koma Amurka a 1930 ya jagoranci ɗakin binciken jiragen sama na Caltech. A 1936 ya ba ɗalibinsa Frank Malina da abokansa damar gwajin roka, a zamanin da manyan malamai ke kallon harkar a matsayin tatsuniya. Daga nan kamfanin Aerojet ya samu a 1942, cibiyar JPL kuma a 1944.

Gudummawarsa ga zanen roka ta fito a wurare uku. Na farko, roka a tsaye kafin harbawa tamkar turke ce cikin kogi: iska na murɗawa a bayanta tana girgiza ta, in girgizar ta dace da rawar jikinta sai ta iya lahanta ta. Na biyu, a 1935 ya lissafa siffar tsinin goshi da ke rage turjiyar iska idan gudu ya zarce na sauti. Na uku, shi da ɗalibinsa Qian Xuesen sun binciki dalilin da gangar ƙarfe mai siririn bango ke loɓawa tun nauyin bai kai yadda aka zata ba, alhali jikin roka irin wannan ganga ce.

4.0 Ilimi da Yaƙi

Iliminsa bai tsaya a aji ba. Ya yi wa rundunar Ostiriya da Hangari aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma zama babban mashawarcin sojan saman Amurka a na Biyu. Qian kuwa, da Amurka ta zarge shi da kwaminisanci ta tsare shi, ya koma Sin a 1955 ya aza harsashin shirin rokar ƙasar. Ashe lissafin da ke ɗaga tauraro shi ne ke ɗaga makami mai linzami.

5.0 Kammalawa

A Fabrairun 1963 Shugaba Kennedy ya ba shi lambar yabon kimiyya ta ƙasa, shi ne na farko da ya samu. Ya rasu a Aachen cikin Mayun shekarar, bai taɓa aure ba. Iyakar nan ta kilomita 100 da ake ɗauka mafarin sararin samaniya sunansa take ɗauke da shi, kuma ita tauraron NigeriaSat-1 ya tsallake a 2003.