John Boyd Dunlop, Likitan Dabbobin Da Ya Hura Wa Taya Iska

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai faci a Nasarawo, ko a bakin Babbar Kasuwar Gombe, yana jiran sholisho ya sha iska kafin a manna masa faci, ya san sunan Dunlop ko da bai san mai sunan ba. Waɗansu sun ɗauka sunan gari ne, waɗansu kuwa sun zaci wani irin roba ne, tun da har silifas ɗin wanka akan kira shi da wannan suna. To, mutum ne, Bature, likitan dabbobi, kuma tarihinsa ne za mu kawo wa masu karatu a filinmu na yau. Shi ya jawo mana daɗin hawan keke, kuma in an bi salsala shi ya jawo mana wahalar faci.

An haifi John Boyd Dunlop ran 5 ga watan Fabrairu, 1840, a wani ƙauye da ake kira Dreghorn cikin ƙasar Sikotilan. Iyayensa manoma ne. Tun yana yaro aka gaya masa cewa bakwaini ne, sai ya sa wa ransa shi mai raunin jiki ne, ya yi ta lallaɓa kansa har tsufa, alhali kuwa bai taɓa wata babbar jinya ba sai ta ajali. Ya yi karatun likitan dabbobi a birnin Edinbara, ya yi aiki a ƙasarsu, sa'an nan cikin 1867 ya ƙetare zuwa Ailan. Ya fara zama a garin Downpatrick tare da ɗan'uwansa James, daga baya ya koma Belfas. A 1871 ya auri Margaret Stevenson, suka sami 'ya'ya biyu, mace da namiji.

A zamanin nan doki shi ne mota, shi ne tirela, shi ne tasi, saboda haka likitan dawaki a babban birni ba ƙaramin mutum ba ne. Asibitin Dunlop da ke Belfas yana cikin mafiya girma a Ailan duka. Watau lokacin da ya shiga sha'anin taya, ba neman abin sawa a baki ya kai shi ba.

Abin da ya kai shi ɗansa ne, Johnnie, yaro ɗan wajen shekara goma, mai keke mai ƙafa uku. Tayoyin keke na lokacin roba ce dunƙulalliya, ba iska a ciki, titunan Belfas kuwa da duwatsu aka shimfiɗa su. Wanda ya taɓa tura kura mai ƙafar ƙarfe a kan hanyar burji zai gane irin jijjigar da yaron yake sha. Cikin watan Oktoba na 1887 sai uban ya sami faifan katako, ya naɗe fallen roba ya manne shi ya zama tif, ya rufe shi da ƙyalle mai ƙarfi, ya kafe ƙyallen a jikin katakon, ya hura masa iska da famfon ƙwallo. Ya fito tsakar gida ya gara shi, ya kuma gara ƙafar keken yaron mai dunƙulalliyar roba. Ta keken ta tafi kaɗan ta faɗi. Mai iskar kuwa ta zarce har ta bugi ƙofa ta yi tsalle ta dawo.

A nan ne hikimar take, kuma ya kamata mai karatu ya lura. Mutane suna tsammani taya mai taushi za ta fi nauyin tuƙi. Ashe ba haka ba ne a kan hanya mai gargada. Taya mai tauri in ta ci karo da tsakuwa, sai ta ɗaga keken da mahayinsa gaba ɗaya, ƙarfin ya tafi a banza. Mai iska kuwa sai ta lotsa ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Saboda haka ba daɗin zama kaɗai ta kawo ba, har da gudu. Abin kuma ya zo a kan gaɓa, gama a 1885 ne John Kemp Starley na Coventry ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan kai ɗaya da sarƙa, irin wanda muke hawa yanzu. Wannan keke ya fi tsohon mai ƙatuwar ƙafar gaba aminci, amma ƙananan ƙafafunsa sun fi jijjiga mutum. Tayar Dunlop ita ta cike masa wannan giɓi.

Ran 7 ga watan Disamba, 1888, gwamnatin Ingila ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira. Ran 18 ga watan Mayu, 1889, aka yi wasannin Kwalejin Sarauniya a Belfas, wani mai suna Willie Hume, shugaban wata ƙungiyar 'yan keke ta birnin, ya shigo fili da keke mai kumburarrun tayoyi. 'Yan kallo suka yi ta dariya. Tsere huɗu ya shiga, ya cinye huɗun. Cikin waɗanda ya kayar akwai 'ya'yan wani attajirin Dablin, Harvey du Cros, shugaban ƙungiyar 'yan keke ta Ailan. Shi du Cros bai tsaya jin haushi ba. Ɗan kasuwa ne, ya hango kuɗi. Kafin shekarar ta ƙare ya shawo kan Dunlop sun kafa kamfani a Dablin, Dunlop ya miƙa takardarsa ga kamfanin, aka ba shi kuɗi kaɗan da hannun jari.

Ana cikin murna sai ga tsautsayi. A 1890 aka sanar da su cewa takardar ba ta da ƙarfi a shari'a, domin wani ɗan Sikotilan ɗin, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845 a Ingila, da 1846 a Faransa, da 1847 a Amurka. Thomson don keken doki ya yi tasa, a lokacin da roba take da tsada kuma babu keken hawa, sai abin ya mutu a hannunsa, shi ma ya rasu a 1873. Dunlop bai san da zancensa ba. Ba za a kira shi ɓarawon fasaha ba, amma doka ba ruwanta da wannan.

Da wani ne da kamfanin ya watse. Du Cros sai ya bazama sayen takardun waɗansu masu ƙirƙira. Ya sayi ta Charles Kingston Welch, wanda ya sa waya a bakin taya don ta kama wili ba tare da gam ba. Kamfanin ya kuma mallaki bawul ɗin da C. H. Woods ya ƙera, mai 'yar roba a ciki, wanda har yau yake kan tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix, kuma har yau ake kiransa bawul ɗin Dunlop ko da yake ba shi ya yi shi ba. Gaskiyar magana, tayar da ta yi kuɗi da sunan Dunlop rabinta ba tasa ba ce.

Dalili kuwa shi ne tayarsa ta fari tana da babban aibi. Manne ta ake yi a jikin wili, a naɗe da ƙyalle. In ƙusa ta huda ta, sai an jiƙa an ɓamɓare, an yi faci, an sake mannewa, an jira gam ya bushe. A 1891 wani mai keke ya kai irin wannan taya masana'antar 'yan'uwan nan Michelin a Faransa, gyaran ya ci awa uku, aka kuma kwana ana jiran gam. Abin da ya sa suka ƙera tayar da ake kwancewa ke nan, wadda Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da komowa da ita a wannan shekara. Daga nan aka sami sana'ar faci kamar yadda muka san ta: a zare tif, a tsoma a ruwa a ga inda kumfa ke fita, a kankare, a shafa sholisho, a manna.

Bari mu ɗan bar Dunlop a Dablin, mu bi sawun wannan matsala da ya bari, domin ita ce ta shafe mu. Manomin da ya ɗauro buhun wake daga ƙauye zai shigo Gombe, ko ɗan makarantar da ke sauri kada a rufe ƙofa, ba sarƙa ba ce ke tsayar da shi, ba kuma birki ba. Tsaido ne, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da ƙusoshin da ke cikin rairayi. Shi tsaido ma sunansa a Turanci ma'anarsa mai huda taya.

Masu mota su suka fara samun sauƙi. A 1947 kamfanin B. F. Goodrich na Amurka ya sanar da taya marar tif, wadda ita kanta take riƙe iska a jikin wili. Keke ya daɗe bai samu ba, saboda wilinsa cike yake da ramukan wayoyi inda iska za ta zurare. Sai a 1999 kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, suka fito da wili da taya marasa tif don keken hawan dutse. A 2001 kuma kamfanin Stan's NoTubes na Amurka ya shiga sayar da ruwan toshe huji, wanda ake zubawa cikin tayar.

Yadda ruwan yake aiki abu ne mai sauƙin ganewa. Asalinsa madarar itacen roba ce, aka sa mata sinadarin amoniya don kada ta daskare, aka kuma zuba 'yan ƙananan ɓarɓashi a ciki. Keke yana tafiya, ruwan yana zagaya cikin taya. Da zarar ƙaya ta huda, iskar da ke neman fita sai ta tunkuɗo ruwan cikin hujin, ɓarɓashin ya cushe, madarar ta daskare nan take kamar yadda jini ke daskarewa a kan rauni. Sau da yawa mahayin ba zai ma san an yi ba. Amma fa ƙaramin huji yake toshewa. In kwalba ta yanka gefen taya, sai dai a koma ga tif.

Ga mutumin Nasarawo akwai abin dubawa kafin ya yi ɗoki. Ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni ko a ƙasashen sanyi, balle a zafin Maris da Afrilu na Gombe, sai an riƙa ƙarawa. Tsohon wilin kekunanmu ba ya riƙe iska ba tare da tif ba, kuma zaunar da taya marar tif yana bukatar iska mai ƙarfi a lokaci guda, abin da famfon hannu ba kasafai yake iyawa ba. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne irin ruwan da ake ɗurawa cikin tif ɗin kansa ta bawul, kamar wanda kamfanin Slime ya fara yi a Amurka a 1989, wanda zare-zare ne cikin ruwa mai kauri, ba ya saurin bushewa. Abin takaici, madarar robar tana nan a Edo da Delta da Kuros Riba, muna kuma da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Binin. A ganina haɗa ruwan da zai jure zafin Arewa bai fi ƙarfin masananmu ba. Amma ƙasar da ta bar masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop da ke Ikeja kuma, wadda ta fara aiki a 1963, ta daina yin taya a 2008, ba ta nuna alamar damuwa da ƙafar keken talaka ba.

Mu koma ga mai sunan. Dunlop ya bar aikin dabbobi ya koma Dablin a 1892, amma zama da du Cros bai yi daɗi ba. Shi mutum ne mai taka-tsantsan, abokin kuwa mai faɗi-tashi. A 1895 ya ajiye muƙaminsa ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa. Shekara guda bayan haka, a 1896, aka sayar da kamfanin ga Ernest Terah Hooley a kan fam miliyan 3, shi kuma ya juya ya sayar wa jama'a a kan fam miliyan 5. Da Dunlop ya yi haƙurin wata goma sha biyu, da labarin dukiyarsa ya sha bamban. Bai talauce ba, ya zuba kuɗinsa a wani kantin tufafi a Dablin ya zauna cikin rufin asiri, amma bai shiga sahun attajiran da tayarsa ta yi ba.

Bukatar roba da tayar ta haddasa ta kai har Afirka. A shekarun 1890 an yi rububin tatsar roba a dazuzzukan bayan Ikko har itatuwan suka ƙare, a Kwango kuwa ma'aikatan Sarki Leopold na Beljiyam sun yi wa mutane azabar da ta haɗa da yanke hannuwa a kan roba. Ba hannun Dunlop a ciki, amma tarihin taya bai cika ba in ba a faɗi wannan ba.

Kamfanin ya ci gaba da amfani da sunansa da hoton fuskarsa mai dogon farin gemu. Daga baya masu talla suka riƙa zana shi a matsayin tsoho ɗan gaye mai sanda da gilashin ido ɗaya. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai, har a 1920, yana da shekara 80, ya kai kamfanin da ke ɗauke da sunansa ƙara kotu don a hana su.

Cikin watan Oktoba na 1921 sanyi ya kama shi, ya mutu ran 23 ga watan a gidansa da ke Dablin, yana da shekara 81, watau shekara biyu bayan da aka dawo da hedkwatar masarautar Gombe daga Nafaɗa zuwa Doma. An binne shi a maƙabartar Deans Grange. Shekaru da dama bayan mutuwarsa, bankin Northern Bank na Ailan ta Arewa ya buga hotonsa a kan takardar fam 10.