Ethel Waters: Daga Aikatau a Otal Zuwa Dandalin Broadway da Talabijin

An haifi Ethel Waters ranar 31 ga Oktoba, 1896, a garin Chester da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Mahaifiyarta yarinya ce ƙarama lokacin da ta haife ta, don haka mafi yawan rainonta ya faɗa hannun kakarta, cikin talauci da yawan sauya matsuguni. An aurar da ita tana da shekara 13, auren bai yi ƙarko ba, sai ta kama aikatau a wani otal a birnin Philadelphia.

Murya ce ta fitar da ita daga wannan hali. Tana da shekara 17 ta fara waƙa a gaban jama'a, ta yi yawon dandali a garuruwan kudancin Amurka a zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a jirgin ƙasa, otal da asibiti. Wajen 1919 ta koma unguwar Harlem a birnin New York. A 1921 ta fara naɗar faifai da Black Swan, kamfani mallakar baƙar fata, sannan ta koma Columbia a 1925.

Shekarar 1933 ta ɗaga darajarta. Irving Berlin ya ji ta tana rera Stormy Weather a Cotton Club, ya ba ta gurbi a wasansa na Broadway mai suna As Thousands Cheer. A cikinsa ta fito a matsayin matar da gungun fararen fata suka rataye mijinta, tana shirya abincin dare tana tunanin yadda za ta sanar da 'ya'yanta. Kawo irin wannan batu gaban 'yan kallo fararen fata, cikin wasan nishaɗi, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a wancan lokaci.

A 1939 ta jagoranci wasan Mamba's Daughters, inda ta nuna cewa gwanintarta ba ta tsaya ga waƙa ba. A watan Yunin shekarar tashar NBC ta watsa wani shiri mai ɗauke da sunanta, abin da ya sa ake lissafa ta a matsayin baƙar fata ta farko da ta jagoranci shirinta a talabijin. Fim ɗin Pinky na 1949 ya sa aka zaɓe ta cikin masu takarar kyautar Oscar, ita ce baƙar fata ta biyu bayan Hattie McDaniel. A 1950 ta fito a wasan The Member of the Wedding na Carson McCullers, a matsayin mai dafa abinci da ta zame wa wata yarinya uwa.

Duk da wannan ɗaukaka, rawar 'yar aiki ce masana'antar ta fi miƙa mata. A 1950 ta karɓi jagorancin shirin Beulah na tashar ABC, amma ba ta daɗe ba ta ajiye shi, saboda tana ganin yadda ake nuna baƙar fata a cikinsa ƙasƙanci ne. Ta yi hakan alhali hukumar haraji na bin ta bashi, ayyuka kuma suna ja da baya. Macen da ta san aikatau da hannunta ba ta ƙi fitowa a 'yar aiki ba. Abin da ta ƙi shi ne a mayar da 'yar aikin abar dariya.

A 1962 aka sa ta cikin masu takarar kyautar Emmy saboda rawarta a shirin Route 66. Tun daga 1957 ta riƙa rera waƙoƙin addini a tarurrukan wa'azin Billy Graham, kuma a kan haka ta ƙare rayuwarta. Ta rasu ranar 1 ga Satumba, 1977, a Chatsworth ta jihar California, tana da shekara 80.