Ibn Khaldun: baƙon da ya yi alƙalanci sau shida a Masar

An fi sanin Abdurrahman Ibn Khaldun da littafinsa Muƙaddima, amma mafi yawan rayuwarsa ya yi ta ne yana hidimar fada a ƙasashen da ba nasa ba. An haife shi a Tunis a 1332, annobar 1348 ta raba shi da iyayensa, kuma tun yana saurayi ya nufi birnin Fas na Maroko ya kama aikin magatakarda.

A Fas ya haɗu da Sarkin Garnaɗa Muhammadu na Biyar, wanda aka tuɓe yana gudun hijira, da wazirinsa Ibn al-Khaɗib, marubuci mai kaifin alƙalami. Ya kyautata musu a lokacin da ba su da abin saka masa. Da sarkin ya koma gadonsa a 1362, Ibn Khaldun ya bi shi Andalus, aka karɓe shi hannu bibbiyu. A 1364 aka tura shi jakada Ishbiliya wurin Sarki Pedro na Kastila, wanda ya yi masa tayin mayar masa da dukiyar kakanninsa idan zai zauna. Bai karɓa ba. Sai dai kusancinsa da sarkin Garnaɗa ya fara sosa ran wazirin, kuma fada ba ta cika ɗaukar masu basira biyu a lokaci ɗaya ba. Ya tattara ya tafi a 1365 tun kafin abin ya zama gaba. Dabarar ta yi amfani, domin sun ci gaba da musayar wasiƙu shekara da shekaru, har zuwa lokacin da aka kashe Ibn al-Khaɗib a kurkukun Fas.

Hijirarsa ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. A 1382, yana da shekara hamsin, ya nemi izinin Sarkin Tunis da sunan zuwa Hajji, ya sauka Iskandariyya, ya wuce Alƙahira. Ya fara karantarwa a Azhar ba shi da kowa sai sunansa. Wani babban hafsa, Altunbuga al-Jubani, shi ya gabatar da shi ga Sultan Barƙuƙ, kuma a 1384 aka naɗa shi alƙalin alƙalai na mazhabar Malikiyya.

Iyalinsa kuwa an riƙe su a Tunis, sai da Barƙuƙ da kansa ya rubuta takarda aka sake su. Jirgin ruwan da ya ɗauko su ya nutse daf da Iskandariyya, matarsa da 'ya'yansa mata suka rasu. A kotu ma bai huta ba: ya ƙi karɓar alfarmar manya, ya tsananta wa shaidun zur, ya kuma ci gaba da sanya tufafinsa irin na Magrib maimakon na alƙalan Masar, abin da abokan aikinsa suka ɗauka girman kai ne. Bai yi nisa a kujerar ba aka sauke shi.

Shi ma ba za a wanke shi tas ba. Da aka yi wa Barƙuƙ tawaye a 1389, yana cikin malaman da suka sa hannu a fatawar sukar mai gidan nasa. Barƙuƙ ya dawo mulki, ya ƙwace masa muƙami, sai bayan shekaru ya sake jawo shi. Cikin Misirawan da suka riƙe shi da gaske akwai ɗalibinsa al-Maƙrizi, wanda ya zama babban masanin tarihin ƙasar.

A 1401 aka zura shi da igiya ta kan ganuwar Dimashƙa ya gana da Timur, wanda ya yi wa birnin ƙawanya. Ya rasu a Alƙahira a watan Maris na 1406, jim kaɗan bayan naɗinsa na shida, aka binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasr.