Thomas Young: Likitan da ya Auna Launi

An haifi Thomas Young a garin Milverton na ƙasar Ingila ranar 13 ga Yuni, 1773. Kafin ya cika shekara goma sha biyar ya naƙalci Latin da Girkanci, ya kuma leƙa Larabci da Ibrananci. Amma likitanci ya karanta, ya sami digirinsa a Jami'ar Göttingen ta Jamus a 1796.

A can ne sha'awar gano yadda muryar ɗan'adam ke fita ta kai shi ga nazarin sauti, sauti kuma ya kai shi ga haske. A lokacin, ra'ayin Isaac Newton ne ke cin kasuwa, wato haske ƙananan ƙwayoyi ne masu tafiya a miƙe. Young ya san cewa igiyoyin sauti biyu, idan sun haɗu, sukan ƙarfafa juna ko su kashe juna, sai ya nuna cewa haske ma haka yake: idan ya ratsa ƙananan kafofi biyu, yakan zana layukan haske da na duhu a jere. Ashe shi ma igiya ne, kamar ta ruwa.

Daga nan ya ƙididdige tsawon igiyar kowane launi. Ta ja ta kai wajen kashi ɗaya cikin 36,000 na inci, ta launin da ke ɗaya ƙarshen bakan gizo kuwa kashi ɗaya cikin 60,000. Launi ya sami lamba ke nan. Rigar da aka rina da baba, irin wadda ake gani a kasuwar Matameye, tana shanye dogayen igiyoyi ne ta maido wa ido gajeru, mu kuwa mu ce shuɗi. Na'urorin da ke auna abin da jini ko ruwan sha ke shanyewa na haske a yau, da irin wannan lamba suke aiki. A 1803 Henry Brougham ya yi wa binciken kaca-kaca a mujallar Edinburgh Review, aka yi shekaru ana kawar da kai daga gare shi, har Augustin Fresnel na Faransa ya tabbatar da shi.

Bai rabu da harshe ba. Shi ya ƙirƙiro sunan nan Indo-European a 1813. Shekara guda bayan haka ya duƙufa kan dutsen Rosetta, ya gano sunan sarki Ptolemy a tsohon rubutun Masar, ya kuma fahimci cewa wasu alamomin sauti suke wakilta. Champollion ne ya warware rubutun a 1822, kuma gaskiya ya cancanci yabon, domin ya san harshen Kibɗawa sosai, ya kuma tsaya kan aiki guda, abin da Young bai taɓa iyawa ba.

Ya rasu a Landan ranar 10 ga Mayu, 1829, yana da shekara 55.