Clark Gable: Yaron Da Ya Gudu Daga Rijiyar Mai, Fim Ya Maido Shi

Mu mutanen Gangara da kewayen Jibiya, nan bakin iyakar Nijar, mun san fetur a jarka da kwalba a gefen titi, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin yadda ake haƙo shi. Ni dai a wani tsohon fim na Amurka na fara gani, Boom Town na 1940, kuma jaruminsa Clark Gable nake son mu duba rayuwarsa yau, domin aikin da ya yi a fim ɗin ya taɓa yin sa da gaske.

An haife shi ranar 1 ga Fabrairun 1901 a garin Cadiz da ke jihar Ohio. Mahaifinsa William mahaƙin rijiyar mai ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan wata goma. Da ya taso ya yi aiki a kamfanin taya a Akron, kuma a can ya kalli wasan kwaikwayo na dandamali, abin ya shiga ransa. Shi kuwa uban gani yake wasa ba sana'ar namiji ba ce. Wajajen 1920 Gable ya bi shi filayen mai na Oklahoma, inda ya sha dukan ƙarfen haƙa da guduma cikin laka da baƙin mai. Bai taɓa son aikin ba. Yana cika shekara 21 ya karɓi gadon dala 300 na kakansa, ya kama gabansa.

To fa, wahala ba ta ƙare ba. Ya yi aikin katako, ya yi tsaron kanti a Portland, har ya haɗu da malamar wasa Josephine Dillon, wadda ta girme shi da shekara 17. Ita ta gyara masa haƙora da murya da tafiya, suka yi aure a 1924 suka nufi Hollywood. Can ma an taɓa ƙin ɗaukarsa wai kunnuwansa sun cika girma. A 1930 kamfanin MGM ya ɗauke shi, ya ci kyautar Oscar da It Happened One Night na 1934, sannan Gone with the Wind ya fito a 1939. Lokacin har ana kiransa Sarkin Hollywood.

Sai ga Boom Town, wanda Jack Conway ya ba da umarni. Gable ya fito a Big John McMasters, Spencer Tracy kuma a Square John Sand, 'yan buga-buga biyu da suka haɗu a garin Burkburnett na Texas, aljihu wayam. Kayan haƙar ma na wani suka wawura. Rijiyar farko ta ba su kunya, ta biyu ta yi ambaliya. Ana cikin haka Betsy, wato Claudette Colbert, budurwar Sand, ta iso garin. McMasters bai san ita ce ba, kafin gari ya waye sun yi aure. Sand ya haɗiye abin a ransa, amma son bai fita ba. Akwai wajen da gobara ta kama rijiya suka tunkare ta da nakiya, akwai inda suka jefa kwabo a kan filin man gaba ɗaya. Daga baya Hedy Lamarr ta shigo tana neman raba auren, Sand kuma ya sa dukiyarsa a kan layi don kawai abokinsa ya koma gida wajen Betsy. Wannan ne fim na uku kuma na ƙarshe da Gable da Tracy suka yi tare.

In kun samu fim ɗin, ku lura da yadda gogan yake tsayawa a gindin rijiya da yadda yake kama ƙarfe. A ganina babu daraktan da ya koya masa wannan, daga Oklahoma ya zo da shi.

Bayan nan rayuwa ta juya masa. Matarsa ta uku, jaruma Carole Lombard, ta rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Las Vegas ranar 16 ga Janairun 1942. Cikin wannan jimami ya shiga rundunar sojan sama yana da shekara 41, ya kuma fita farmaki sau biyar daga Ingila a 1943. Ya dawo fim, har ya zo Afirka ta Gabas ya yi Mogambo na 1953. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 16 ga Nuwamban 1960, jim kaɗan bayan kammala The Misfits da Marilyn Monroe, yana da shekara 59. An haifi ɗansa John wata huɗu bayan rasuwarsa.

Na san cikinku akwai masu burin shiga Kannywood ko situdiyo, alhali yanzu kuna tsaron shagon Baba, ko dako a kasuwar Jibiya, ko jan babur. Kar ku raina wannan aikin, kuma kar ku yi shi ido rufe. Ku lura da yadda masu sana'ar suke magana, yadda suke ciniki, yadda suke faɗa su shirya. Ranar da aka ba ku rol ɗin ɗan dako ko direba, abin da kuka gani da idonku shi zai sa 'yan kallo su yarda da ku.