Tarihin Abbie Lathrop, Mai Kiwon Ɓeraye

An haifi Abbie Lathrop a shekarar 1868 a jihar Illinois ta ƙasar Amurka. Malamar makaranta ce, amma rashin lafiya ya sa ta bar koyarwa. A 1900 ta koma garin Granby ta fara kiwon kaji, ba ta ci riba ba. Sai ta kama kiwon ɓeraye, har suka haura 11,000. Masu bincike suka riƙa saye a wurinta, ita ma ta yi nazarin ciwon daji a jikin ɓerayen. Ciwon ƙarancin jini ya yi ajalinta a 1918. Har yau da jikokin ɓerayenta ake gwajin magungunan ciwon sukari, ƙiba da ciwon mantuwa kafin a ba mutane. 'Yan uwa ɗalibai, kada mu raina sana'a.